Dutsen da Tsinke Ta Gano

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aikin asibiti, ya ƙafar taki? Mu nan lafiya lau, yara duk suna gaishe ki. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda na san halinki a waya: kafin in kai tsakiyar magana kin ce ana nemanki a ɗakin marasa lafiya. Takarda dai ba ki da yadda za ki katse ta.

Ran nan ina shago, na ɗora hannun wata riga a keke, sai ga matar mai kemis ta faɗo min ko sallama babu, tana ɗaga waya sama. "Taso ki ga 'yarki a labarai!" Na saki ɗinkin na karɓa. Sai ga Tsinke zaune gaban ɗan jarida, da tabarau, tana magana a nutse kamar ba ita ce take ɓuya ƙarƙashin teburin yanka ba in ta ga baƙo. Wai ta gano wani dutse a sararin samaniya wanda ba a taɓa sanin da shi ba. Matan da ke jiran awo duk suka taso suka rufe ni. Wallahi Auta, kaina har ya fara girma.

Sai mutumin ya tambaye ta wa ya ɗora ta a kan wannan hanya. Ta yi murmushi ta ce, "Mamata." Na gyara tsayuwa. Aka nuno hoto. Ke ce, kin rungume ta ranar da ta gama jami'a. Ni ma ina wurin ranar, kin sani, ina tsaye daga hagunta. An yanke ni. Gefen mayafina kaɗai ya fito.

Matan suka juyo suna kallona. Can matar mai kemis, wadda bakinta ba shi da birki, ta ce, "Laa, ashe ba ke kika haife ta ba?" Na ce in ba ta yarda ba ta tambayi bayana da har yau bai daina ciwo ba. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma bayan sun tafi sai da na warware hannun rigar nan na sake ɗorawa, don a karkace na ɗinka shi.

Ban manta alherinki ba. Lokacin da babansu ya rasu ya bar ni da biyar, ita kuma ciwon ƙirji yana neman gamawa da ita, ke kika zo kika ce in ba ki ita ki kai ta wurin likitocinku, in ta warke ki dawo min da ita. Ta samu sauƙi tun kafin ta shiga firamare, Auta. Ban ga an dawo da kowa ba. Ta tashi tana jin kina ce min Yaya, ita ma ta ɗauka, har yau Yaya take ce min kamar mun fito ciki ɗaya, ke kuma Mama. Ko sau ɗaya ban ji kin gyara mata ba. Duk na haɗiye. Amma a yanke ni a hoto a gaban kwastomomina?

Sannan ki yi min bayanin dutsen nan, don mutane suna ta tambayata. Ni dai dutsen da na sani na guga ne.

Ki huta lafiya.
Yayarki

*

Zuwa ga Yayata,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na karanta ta har ƙarshe ba tare da na katse ta ba. Ƙafa da sauƙi, na gode da tambaya. A gaida min yara.

Maganar hoto: 'yan jarida ne suka nemi guda, ta ba su wanda yake kan teburinta, su suka rage shi don ya shiga allo. Ba ni na riƙe almakashin ba. Maganar dawo da ita kuwa, ina tuna miki cewa duk hutu ina kawo ta, kuma duk ranar da zan koma sai ta riƙe min zani a tasha tana ihu. Ke da bakinki kika ce ta zauna ta gama makaranta tukuna. Makarantar ce ta yi tsawo, ba ni ba.

Dutsen ba tauraro ba ne. Dutse ne na gaske, ta ce girmansa zai kai unguwa guda. Yana zagaya rana kamar yadda duniyarmu take zagaya ta, sai dai shi can nesa yake, cikin wani fili da irinsa suke da yawa. Ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa, shi ya sa ba a ganinsa sai da babban madubin hangen nesa. Ba zai faɗo wa kowa a ka ba, ki kwantar wa kwastomominki da hankali. Na san wannan ne don tun tana ƙarama nake zama da ita a kan littattafan nan, in na dawo daga aiki ƙafata a kumbure.

Yanzu ba shi da suna, lamba kawai aka ba shi ta wucin gadi. Sai an tabbatar da hanyar da yake bi, abin da suke kira falakinsa, sannan a ba wanda ya gano shi damar kawo suna. In kwamitin masana ya amince, sunan ya zauna ke nan, mu mutu, jikoki su mutu, dutsen yana nan yana yawo da shi. Ba a yarda mutum ya sa sunan kansa ba. Na wani za ta sa.

Ban tambaye ta ko na wa ba ne, kuma ina ganin bai kamata kowa ya tambaye ta ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanwarki, Auta

*

Tsinkena,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Na gan ki a labarai, kin yi kyau, sai dai ramar nan tana nan yadda na san ta. Ga riga nan na aiko miki, shuɗiya mai duhu da ɗigo-ɗigon fari, na ce ta dace da aikinki. Da ido na yi awon, tunda ba ki taɓa tsayawa na sa miki tef ba.

Unguwa duk ta ɗauka. Mai burodin kan kwana yanzu Uwar Taurari yake ce min, na ce ya bari amma bai bari ba. Yayyenki kowa ya sa hotonki a wayarsa.

An ce min dutsen naki bai da suna tukuna. Ni ba tambaya nake yi ba, Allah ya sani. Kawai dai na ce in tuna miki a nemi suna gajere, wanda ba ya wahalar rubutawa, wanda ko mutumin da ba ya jin yarenmu zai iya faɗa bai ciji harshe ba. Akwai masu dogon suna mai gaɓa huɗu, ba na kama sunan kowa, wannan wahalar da kwamiti ne kawai. Nawa dai kin san shi, bai kai tsawon allura ba.

Ki rubuto min bayani da hannunki, a waya ba na gane ki, sauri kike yi.

Ki riƙa cin abinci.
Mahaifiyarki

*

Yaya,

Ina kwana, ya shago, ya bayan naki? Riga ta iso, kowa a ofis sai da ya taɓa ta. Ta ɗan yi min yawa a kafaɗa amma ina sa ta haka.

Na yi dariya da takardarki har abokiyar aikina ta leƙo. Bari in faɗa miki yadda abin yake, don 'yan jarida sun sa shi ya yi kama da an gama.

Ni ba na kwana ina leƙen sama kamar yadda mutane suke zato. Madubin yana can kan wani tsauni, na'ura ce take sarrafa shi, ta ɗauki hotuna ta turo mana. Da safe in zo ofis in zauna gaban kwamfuta, in jera hotunan wuri ɗaya da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Taurari ba sa canja wuri a cikinsu. Abin da nake nema shi ne ɗigon da ya matsa. Wata safiya, shayina ko hucewa bai yi ba, na ga wani ɗan ɗigo dishi-dishi ya matsa kaɗan. Na duba cikin duk waɗanda aka sani, babu shi. Na kasa tashi daga kujera.

Matsalar ita ce makonni kaɗan muka samu muna binsa. Yanzu ya nufi ɓangaren da rana take, haskenta ya rufe shi, ba za a sake ganinsa ba sai bayan fiye da shekara. Daga ɗan guntun tafiyar da na gani ne zan lissafa duk zagayensa. Kamar a ba ki ɗan ƙyalle daga wuyan riga ne a ce ki faɗi faɗin rigar da tsawonta. In na kuskure da kaurin zare a yau, kafin ya dawo kuskuren ya yi faɗin titi. Mu nuna madubi inda na ce, ba ya nan, shi ke nan ya ɓata cikin dubban irinsa.

Shugaban cibiyarmu ya riga ya yi ta alfahari da ni a taro, ya ce da wannan za a tabbatar min da aiki. Akwai kuma waɗanda suka girme ni a nan da suke cewa sa'a ce kawai ta faɗo wa yarinya. Suna gaishe ni da fara'a, suna jira.

Don haka maganar suna, Yaya, don Allah a bar ta. Abin da ban tabbata zan sake gani ba, ba na iya tunanin sunansa. Addu'a nake so.

Na ga hoton da aka nuna. Na ji ba daɗi. Cikakkensa yana kan teburina, kina ciki.

'Yarki, Tsinke

*

Yaya,

Assalamu alaikum. An daɗe ba mu rubuta wa juna ba, kuma da ba dole ba da ban rubuto ba. Na kira wayarki ba ta shiga, shi ya sa na ba direban motar safe wannan.

Lokacin dawowar dutsen ya yi. An nuna madubi inda Tsinke ta lissafa, ba a ga komai ba. An sake, an duba dama da hagu, babu. Wani babba a cibiyarsu ya ce a gaban mutane ƙila tun farko tabo ne a jikin hoto. Ɗan jaridar da ya yi hira da ita bara ya kira yana tambaya wai gaskiya ne dutsen ya ɓata. Ta ɗauki hutu daga aiki. Ta zo gida ta ci abinci, na ce mata ba komai, na zauna na tsara mata waɗanda za ta rubuta wa da abin da za ta ce musu. Ta ce to. Washegari na dawo daga asibiti ban same ta ba. Ba ta ɗakinta na haya, ba ta wurin ƙawayenta, wayarta a kashe.

Zan faɗa miki gaskiya ko za ki ji haushi. Yarinyar nan ta shekara tana ɗauke da kaya biyu. Ga lissafi, ga ke. Ta roƙe ki ki bar maganar suna, amma duk saƙon da za ki aiko sai kin soko ta ta gefe, yau ki ce kin yi mafarki, gobe ki ce mai burodi ne ya tambaya. Ta faɗa min. Ni ban taɓa buɗe baki na nema ba.

In kin ji wani abu, ko ta wurin yayyenta ne, ki sanar da ni. Na je har ɗakin gaggawa na asibitinmu na duba gado-gado.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ki daina duba gadaje. Tana nan wurina.

Wayata ta faɗa ruwa ne, tana wurin mai gyara, ita kuma Tsinke ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa tukuna. Da na ga takardarki na ce mata a'a, wannan ya wuce wasa.

Ta iso ne da la'asar, ina guga. Na ɗago na ga mutum zaune a bencin kwastomomi da jaka ɗaya, har na ce, "Awo ko karɓar ɗinki?" Sai ta cire tabarau. Ta ce, "Yaya, akwai wurin kwana?" Na kashe dutsen guga, na sauke labulen ƙofa. Ban tambaye ta komai ba. Ta zame daga benci ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye, ta ɗora kai a cinyata, ta yi kukan da ban ji irinsa daga bakinta ba tun ranar da kika tafi da ita. Zanina sai da ya jiƙe.

Da ta lafa na ce me ya hana ta zama wurin Mamanta. Ga abin da ta ce, ba ƙari ba ragi: "Mama za ta ce ba komai, sai ta ɗauko biro ta fara tsara abin da za a yi. Idonta ne ba zan iya kallo ba. Tun ina ƙarama ta faɗa wa duk asibiti ni zan zama wani abu. Ke kuwa ko dutsen ya ɓata ko bai ɓata ba, ba ki ma san inda yake ba." Ban sani ba ko yabo ne wannan, amma na karɓa.

Kin ce na ɗora mata kaya. To, na ji. Amma da kayan ya yi nauyi, ƙofar wa ta zo ta sauke? Ba zan ɓoye miki ba, na yi barci mai daɗi ranar.

Sai dai akwai abin da ya sa ni dole in tambaye ki, kuma ba da son raina ba. Na haɗa mata shayi da madara mai kauri don ta yi ƙiba, ta shanye, ta wuni tana riƙe da ciki. Jiya kuma ina yanka wani yadi mai gashi-gashi sai ta fara tari, numfashinta yana fito. Na rikice, na rasa abin da zan kama. Na ce ina maganinta, ta ce ta baro shi a gidanki. Na ɗauka ciwon nan ya tafi tun tuni. Ba wanda ya faɗa min yana dawowa.

Me take ci? Me ba ta ci? Ki rubuto, kada ki yi min wa'azi.

Yayarki

*

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko na zauna a ƙasa a barandar asibiti, har wata ɗaliba ta zo tana tambaya ko jiri ne.

Ga abin shaƙarta nan a leda, guda biyu, shuɗin na lokacin da numfashi ya kama ta ne, ɗayan safe da yamma. Ba ta shan madara tun tana firamare, amma ba za ta taɓa faɗa ba, in an ba ta sai ta shanye don kada a ji kunya. Baƙin shayi take sha da lemon tsami. Ƙwai sai dafaffe. In tana cikin damuwa ba ta cewa tana jin yunwa, ajiye mata za ki yi kusa da hannunta ki yi tafiyarki, za ki dawo ki tarar da kwano wayam. Ki nisanta ta da ƙurar yadi da turare. Kada ki ce mata ta rame, ba ta so.

Ba zan zo ba, tunda ba ni ta nema ba.

Kin ce kin yi barci mai daɗi. Ni ban yi ba. Duk zazzaɓin da yarinyar nan ta yi a duniya a hannuna ta yi shi. Ban taɓa barin ta yi kuka ita kaɗai ba. Ashe duk tsawon nan akwai kukan da take ɓoye min, ta ɗauke shi ta hau mota ta kai wa wata. Na san ba wata ba ce ke, kada ki kama min wannan kalmar. Amma haka na ji shi.

Na wanke zanin gadonta na shimfiɗa. Ba sai kin faɗa mata ba.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Maganin ya yi aiki, shayin ma haka. Dabarar ajiye kwano kusa da hannunta gaskiya ce, na gwada. Ban ji daɗin yadda komai naki ya fito daidai ba, amma na gode.

Na san kin riga kin ji labari, ai ke aka fara faɗa wa. Amma bari ki ji yadda ya kasance daga inda nake tsaye.

Bayan ta yi kwanaki tana kwance tana kallon silin, wata safiya ta share rabin teburin yanka ta kafa kwamfutarta. Ta ce min wasu cibiyoyin suna da tsofaffin hotunan sama a ajiye, na shekarun baya, kowa yana iya dubawa. Ta ce in dutsen gaskiya ne, to yana nan tun kafin ta gan shi, kuma wataƙila ya taɓa giftawa ta cikin hoton wani ba a lura ba. In ta same shi a can baya, guntun ƙyallen nata ya zama babban yanki, sai awo ya fito. Wannan na gane shi sarai.

Haka ta zauna tana bin hotuna, baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigo, duk iri ɗaya a idona. Na daina taka keke saboda teburin yana girgiza. Na koma ɗinkin hannu, kalmasa da maɓalli, kwastomomi suna ta ƙorafi, na ce wadda take sauri ga titi nan. Yadi mai gashi kuwa na kwashe na kai gidan maƙwabta. Matar mai kemis ta leƙo za ta fara surutu na nuna mata hanya da almakashi.

Ran nan da hantsi na ji ta ce, "Kai." A hankali, kamar wadda allura ta soka. Ta samu ɗigon a wani tsohon hoto, sannan ta same shi a wani. Ta yi ta buga lissafi har abincinta ya huce. Ta ce ashe gefe kaɗan suka yi ta dubawa. Ta tura wa masu madubi sabon wurin, muka zauna jira. Ba ta ci ba, ni ma ban ci ba.

Da hoton ya iso ina tsaye a bayanta. Ta buɗe, ta sa yatsa a allo tun kafin ya gama fitowa, ta ce, "Nan." Ɗigon ya fito daidai ƙarƙashin farcenta. Ta yi tsalle kujera ta kife. Na buɗe hannuwa, Auta, almakashi ma ban ajiye ba.

Ta wuce ni. Ta fizgi waya ta yi bakin ƙofa inda sabis ya fi kamawa, ko takalmi babu, tana ihu duk layi yana ji: "Mama! Mama, na same shi!"

Na tsaya da hannu a buɗe kamar mai shanya. Na tayar da kujerar. Can ta dawo ta rungume ni, ta ɗaga ni sama ma, ƙashin nan nata ashe da ƙarfi. Ta ce ba don shagon nan ba da ba ta same shi ba. Na yarda da gaske take. Amma ni ce ta biyu, kuma na ƙirga.

Kin ce ta kawo min kukanta. To ke ta kai miki dariyar. Ki faɗa min wadda aka cuta a cikinmu.

Gobe za ta taho. Na sa mata tef a ƙarshe, na san awonta yanzu.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya baya, ya kwastomomin da na kora miki? Ina fatan sun gama dawowa.

An tabbatar da falakin dutsen, an ba shi lambarsa ta dindindin. Yana gama zagaya rana sau ɗaya cikin shekara huɗu da 'yan watanni, kuma yanzu ko bayan ba mu, duk mai so zai san inda zai same shi. Aikina ma an tabbatar. Watannin baya suka nemi in kawo suna, na kai, jiya kwamiti ya amince. Ba na so ki ji a wayar matar mai kemis, shi ya sa nake rubuto miki kafin in faɗa wa kowa. Ko Mama ba ta sani ba tukuna.

Sunan Mama na sa.

Na yi tunanin in sa na wani malami ko na wani tsauni don in tsira daga ku biyun. Na ga in na yi haka tsoro ne, kuma kin fi ƙarfin in yi miki wayo.

Ke kina da mu biyar, ga jikoki. Duk inda ɗayanmu ya shiga, ɗanki ne ko 'yarki, ba mai iya canja wannan, ko an yanke hoto ko ba a yanke ba. Mama ba ta haifa ba. Mijinta ya rasu. Ni kaɗai gare ta, ni ɗin ma ta san aro ce, kullum tana jiran ranar da za a zo a karɓa. Ina so ta samu abu ɗaya da ba mai zuwa ya ce nasa ne.

Na san zai yi miki ciwo. Ba zan ce ki yi murna ba. Cibiya za ta yi ɗan taro wata mai zuwa a ba ta takardar shaida, ina so ki zo. In ba za ki iya ba, zan gane, kuma hutuna na gaba a shago zan yi shi ko kin zo ko ba ki zo ba.

Ki yafe min.
'Yarki, Tsinke

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na ji. Allah ya sanya alheri.

Ba zan ce miki na yi farin ciki ba, kin san ƙarya ba ta yi min kyau. Na rufe shago wuni guda. Mai gaɓa huɗun dai shi ya hau sama, Allah ya ba kwamiti haƙuri.

Zan zo taron. Ki aiko min da awonki da motar gobe: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Na gaskiya nake so, ba na shekarun baya ba, na san kin ƙara jiki. Ba za ki tsaya gaban manyan mutane da rigar kanti ba alhali kowa ya san yayarki tela ce. Na riga na sayi yadin, ya fi wanda zan sa kyau, kuma wannan ma yana ba ni haushi.

Kada ki yi min godiya. Ban huce ba.

Yayarki